Kukan akori-kura a daminar yunwa

Ruwan bana ya yi mana abin da manomi ba ya so. Ya sauka da wuri, muka yi shuka, gero ya tsiro ya fara kyau, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya da gudu, can kuma sai ya watse ba ko ɗigo. Jiya ina zaune a gindin kanyar da ke gonata, ina kallon yabanya ta naɗe ganye saboda zafin rana, sai wata damina ta faɗo mini a rai. Ta kai shekara ashirin yanzu, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ita ma haka ta fara.

Sai dai waccan ta fi ta bana tsanani, domin ta same mu rumbu ba komai. Shekarar da ta gabace ta ruwa ya yanke tun gero bai gama nuna ba, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta sauka ta cinye. A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Baure, gidan da ya fi kowa ƙarfi ma kafin bazara ta ƙare ya share gindin rumbunsa.

Gidanmu a lokacin akwai Inna, mahaifiyarmu, da yayana Habu da matarsa Hajara da 'ya'yansu, sai ni Isiya da matata Rabi, ba mu daɗe da aure ba. Baba ya rasu ya bar mana gona da wata tsohuwar akori-kura. Fara ce da can, amma rana da ƙasa sun mai da ita ruwan toka. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Yaya Habu ne direba, ni ne mai lodi da saukewa, ni ne kuma mai turi idan batir ya ƙi. Duk bazarar nan tana ajiye a ƙarƙashin rumfar zana kusa da madafin Inna, domin ba abin ɗauka, ga mai ya yi wuya. Kaji har sun saba kwana a ƙarƙashinta.

Da aka shiga noman farko sai yunwar ta fito fili. Da asuba mata za su dama kunu, tsararo ne, kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Mu sha mu saɓa fartanya mu tafi gona. Kafin rana ta take, gumi ya shiga ido, ka ɗago ka ga gonar tana juyawa. Su kuma matan su shiga jeji neman tafasa da yaɗiya da rama, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan garin ƙuli, a yi kwaɗo. Tukunya sau ɗaya ake ɗorawa, da yamma. Garin ya yi tsit. Tun ina yaro na saba da ƙarar turmi da hantsi, gida yana amsa wa gida, amma a daminar nan sai a wuni ba a ji taɓarya ta faɗa ba.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, mai unguwa ya tsayar da magidanta a ƙofar masallaci. Ya ce ai kowa ya san halin da ake ciki, duk mai akuya ko tunkiya ya fito da ita, Habu ya kai su kasuwar Mai'adua, a juyo da dawa da masara da garin rogo. Ba wata motar da ke shigowa ƙauyenmu da damina, domin hanyarmu rabi yashi ce rabi fadama. Jakunan garin kuwa wasu an sayar, sauran ƙashi ne da fata. Yanzu ɗana yana kwance a ɗaki zai buga waya, kafin azahar ɗan acaɓa ya dire masa buhu a ƙofar gida. A lokacin nan duk garin ba mai waya, babur kuma bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Akori-kurarmu kaɗai ake kallo.

Muka kori kaji, muka wanke ta, muka sayo fetur wurin 'yan bumburutu a bakin titi, domin gidajen mai a rufe suke, abin da ya samu duk yana tsallaka iyaka. Ta tashi lafiya lau.

Motar tana da wani ɗan famfon mai na lantarki da aka ɗaura mata tun zamanin Baba, a ƙasa kusa da tanki, bayan nata na asali ya mutu. Da ka murɗa makulli za ka ji shi, tak-tak-tak da sauri, sannan ya lafa ya koma tak, tak, a hankali, alamar mai ya isa inji. Mun san muryarsa kamar yadda muka san tarin Inna.

Ranar kasuwa muka ɗaure awaki a baya muka kama hanya, ina zaune a gaba kusa da Yaya. Mun wuce Zango kenan sai na ga ya karkata kai.

"Kana ji, Isiya?"

Na kasa kunne. Famfon ya bar tafiyarsa ta kullum, yana ta sauri, yana ƙara sauri, har ƙarar ta haɗe ta zama wani siririn kuka irin na sauro a bakin kunne. Can daga baya muka ji bum, kamar an doki duro da tafin hannu. Inji ya yi tari, ya fizga, ya sake tari, ya mutu.

Muka sauka. Yaya ya buɗe gaban mota ya duba wayoyi, ni na leƙa baya ina zaton wata akuya ce ta doki bodi. Ba mu ga komai ba. Muka zauna a inuwar wata bedi, awaki suna ta kuka saboda rana. Bayan wani lokaci ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Kafin Daura ta sake yi, tsakanin Daura da Mai'adua ma ta sake. Muka isa kasuwa ta fara watsewa, manyan masu saye sun tafi, sai waɗanda suka san dole ce ta kawo mu. Muka sayar yadda aka taya. Hatsin da muka kawo gida, da aka raba, bai kai wa ko'ina ba. Mutanen da suka ba da dabbarsu sun karɓi rabonsu suna kallon ƙasa.

Yaya ya ce man ne. Ya ce yaran nan na bakin titi suna haɗawa da kananzir, ko kuma ruwa ya shiga jarka. Washegari maimakon gona muka wuni a ƙarƙashin mota. Muka juye man a baho, muka zuba kaɗan a farar kwalba muka ajiye ya kwanta, ko za mu ga ruwa a ƙasa. Ba ruwa, sai ɗan datti. Muka ɗauraye tanki, muka tace man da tsohon kallabin Inna, muka mayar. Ya tayar da ita a tsakar gida, famfo yana tak, tak, lafiya. Muka ce an gama.

Mako ya zagayo, muka sake lodi, ta sake yi mana a kusan wurin da ta yi da farko.

A dawowa muka tsaya wurin Malam Iro, wani bakanike a Daura, abokin Baba ne tun suna samari. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya taɓa mota sai ya gama jin bayani. Ya sa Yaya ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa, ya sa ni ma na yi. Sannan ya cire filta ya hura, ya kwance kafireta ya wanke ta da fetur, ya bi tiyon mai da yatsa tun daga tanki har inji. Ya sami wani wuri da ya fara tsagewa, ya yanke ya sa sabo. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya rufe. Ya ce a tayar. Ya ɗauki dogon sukundireba ya kafa bakinsa a jikin famfon, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido.

Ya daɗe a haka kafin ya ɗago. "Famfon nan lafiyarsa ƙalau a yanzu," ya ce. "Habu, famfo ba ya ihu sai in ya ja bai samu ba. Ko mai ya ƙare, ko wani abu ya toshe hanya, ko yana zuƙar iska ta wata ɓaraka. Ɓarakar da na gani na gyara. In ita ce, shi ke nan."

"In kuma ba ita ba ce fa, Malam?"

"To ba zan ce ka sayi sabon famfo ba, don ban tabbata shi ne ba, kuma na san halin da kuke ciki. Abu ɗaya zan gaya muku. In ta sake, kada ku zauna jiran ta huce. A lokacin da take cikin yi za ku duba ta. Ni in ta zo nan ta riga ta warke."

Muna cikin garejin wani Alhaji daga Kongolam, da ya kawo tasa motar, yana ta zagaya tamu yana ƙwanƙwasa bodi. Ya ja Yaya gefe. Ya ce yana neman irin wannan tsohuwar ƙirar don hanyar jeji, ko tana tari ko ba ta yi, shi yana da masu gyara. Zai ba da buhunan gero da za su kai gidanmu har kaka, a sauke mana a ƙofar gida. Yaya ya ce a ba shi lokaci zuwa kasuwa mai zuwa.

Ba mu kai gida ba sai da ta sake mutuwa, amma duhun magariba ya fara, ga hatsin mutane a baya, ba mu tsaya bincike ba.

Da safe muka je gaida Inna, Yaya ya gaya mata maganar Alhajin. Tana zaune a bakin ƙofarta tana tsinke ganyen rama. Ba ta ɗago ba.

"In kun ba da ita, gidan nan zai ci," ta ce. "Sauran gidajen fa?"

"Inna, in ta mutu mana a hanya gaba ɗaya, mu da su duk mun rasa. Ga yaran nan, kina ganin wuyan ƙaramar," in ji Yaya.

"Ina gani." Ta ci gaba da tsinka. "Ni ba zan hana ku ba, taku ce. Amma ku sake gwada ta sau ɗaya. Ku tafi da tunkiyata."

Tunkiyar nan ita kaɗai ta rage mata. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ta tsayar da shi.

A makonnin nan Yaya Habu ya rame fiye da kowa a gidan. Idan an kawo kwanonsa da yamma sai ya ɗan taɓa, ya tura wa yara, ya ce ya ci a tasha ko wani ya ba shi fura a gona. Ni da nake tare da shi wuni guda na san ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa da ɓarin goro. Na taɓa yi masa magana, ya ce in kula da nawa kwanon. A gona kuwa shi ke gaba a kunya, ba ya yarda a wuce shi.

Ruwa har lokacin bai dawo ba. An fita roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, rana tana dukan ƙeya. Geron da ke kan tudu ya fara ƙonewa daga baki. Da rana ƙasa takan yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, iska kuma ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi.

Ranar kasuwa ta uku muka yi lodi tun da sassafe. Dabbobin da aka kawo a ranar su ne na ƙarshe a gidaje da yawa, har da ɗan maraƙin liman. Muna shirin tashi sai ga Gwaggo Delu, ƙanwar Baba, da ƙullin kayanta, za ta Daura duba 'yarta da ta haihu. Tun da aka fara shari'a ba a cakuɗa maza da mata a mota, mace gaba, maza baya. Na buɗe mata ƙofa na ɗaure igiyar, ni kuma na hau baya na tsuguna a kusurwa tsakanin tunkiyar Inna da maraƙin, daidai saman tanki.

Ban taɓa zama a wurin ba tun da abin ya fara. Muna fita yashi muka hau kwalta, ina jin famfon a ƙarƙashina sosai, fiye da yadda ake jin sa a gaba. Tak, tak. Muka yi nisa. A hankali ya fara sauri. Sai na ji wata ƙarar da ban taɓa ji ba, ƙas, ƙas, irin ta gwangwani in ana matse shi da hannu. Na kwantar da kunnena a ƙasan bodi, tunkiya tana shinshina mini kai. Daga tanki take fitowa. Ban gama tabbatarwa ba sai bum, har a ƙirjina.

Na doki rufin mota da ƙarfi. "Yaya, tsaya! Kada ka kashe makulli!"

Ya gangara gefe, inji ya yi tarinsa ya mutu, famfon kuwa yana ta siririn kukan nan. Na diro. Tunanina shi ne in tsoma kara a tanki in ga ko man yana nan, ko wani wuri yake zurarewa. Na kama murfin tanki zan murɗa, ya ƙi. Murfin da kullum da yatsa biyu nake buɗewa. Na naɗa tsumma na sa hannu biyu, Yaya yana tsaye a kaina. Da ƙyar ya motsa.

Yana motsawa sai muka ji fuuu, doguwa, kamar mutum ya daɗe a cikin ruwa ya fito. Iska ce take shiga ciki, har ta ja bakin tsumman ta manne shi a bakin tankin. Tankin ya sake yin bum, ya koma yadda yake. Muna tsaye muna ji, famfon ya sauko daga kukan, ya koma tak-tak-tak, sannan tak, tak.

Muka kalli juna.

Gwaggo Delu ta leƙo ta taga. "Kai Habu, mene ne ya yi huci haka? Ko maciji ne a motar?"

 Yaya ya tsuguna yana kallon bakin tankin, can ya ce, "Buta."

"Wace buta kuma?"

"Gwaggo, in kin cika buta kika toshe bakinta da tafin hannu, ruwa yana fita ta hancin?"

"Ina zai fita? Sai ɗis-ɗis."

"To shi ne. Famfo yana jan mai, iska ba ta samun hanyar shiga ta maye gurbinsa. Ya ja, ya ja, har tankin ya lotsa." Ya juyo wurina. "Shi ya sa in mun zauna take tashi, iskar ce take samun shiga a hankali. Shi ya sa kuma ba ta yi a gida ko a gareji, kullum mun gama buɗe murfin kenan."

Muka mayar da murfin sako-sako, muka lulluɓe shi da tsumma muka ɗaure don ƙura. Ya murɗa makulli, ta tashi. Daga nan har Daura kunnena yana manne da bodi, famfon bai canza murya ba.

Muka sauke Gwaggo, muka biya ta garejin Malam Iro, domin Yaya ya ce ba zai bar tanki a buɗe ba ga damina, ruwa ɗaya zai lalata man. Malam Iro yana jin bayanin ya riƙe haɓa.

"Na bi duk inda mai ke bi," ya ce, "ban bi inda iska ke bi ba. Ba ni tabarmar can."

Ya shiga ƙarƙashin motar da kansa duk da tsufansa, ya kira ni in riƙe masa tocila. A bayan wuyan tankin akwai wani siririn tiyo da ya lanƙwasa ya kalli ƙasa, ban taɓa lura da shi ba. Ya ce ta nan tanki ke numfashi. Ya sa baki ya hura, kumatunsa suka kumbura, ba abin da ya wuce. Ya karɓi wata wayar ƙarfe ya zura. Busasshiyar laka ta zubo masa a gemu, da matattun tsutsotsi a ciki.

"Zanzaro," ya ce, yana dariya yana kakkaɓe fuska. "Gida ya gina muku. Motar ta daɗe a ajiye, ko?"

"Duk bazara."

Ya ƙara zura wayar har ta wuce, ya hura, muka ji iskar ta fita ta bakin tanki. Ya yanko ɗan guntun gidan sauro ya ɗaure a bakin tiyon don kada wani ya sake shiga. Yaya ya fara laluben aljihu, Malam Iro ya ture masa hannu ya ce mu yi sauri kada kasuwa ta wuce mu.

Ranar muka shiga Mai'adua kasuwa tana tsakiyar ci. Masu saye daga kudu suna nan, dabbobinmu ba su galabaita a rana ba, aka saya da daraja. Muka auno dawa da masara da garin rogo har bayan motar ya zauna. Muna ɗaure igiya sai ga Alhajin Kongolam.

"Malam Habu, yaya maganarmu?"

"Alhaji, a yi haƙuri. Ta samu lafiya."

"Me ya same ta?"

"Mura ce," in ji Yaya. Alhajin ya yi dariya, ya ce in ta sake kamawa yana nan.

Mun baro Daura ana kiran azahar, sama tas. Kafin mu kai Zango gabas ta yi baƙi. Na ce a raina irin na kullum ne. Amma iskar da ta biyo baya mai sanyi ce, tana ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yaya ya tsaya muka ja tamfol a kan buhuna, na hau na kwanta a kai na baje hannu da ƙafa don kada iska ta ɗage shi. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, mai nauyi. Sai ruwa ya kece.

Ban taɓa jin daɗin dukan ruwa irin na ranar ba. Yana shiga mini kunne da hanci, ina rawar sanyi, a gonakin bakin hanya kuwa mutane sun ƙi gudu, suna tsaye da fartanya a hannu. Damuwarmu ɗaya, fadamar da ke gab da gari, in ta cika sai dai mu kwana a bakinta. Muka iso ruwa ya fara gudu a cikinta, bai kai gwiwa ba. Yaya ya sa giya ɗaya ya shiga a hankali. Motar ta yi tangal-tangal, tayar baya ta juya a banza, ta kama, muka haye.

Wannan ruwan shi ne farkon marka. Daga ranar bai sake yankewa ba, geron da muka cire rai da shi ya miƙe. Motar kuma ta yi ta zirga-zirga duk ranar kasuwa har aka fara gasa tumu, ba ta sake yi mana kukan nan ba. Da na gaya wa Inna abin da aka samu a ciki, ta ce ai tun bazara take ganin zanzaron yana ɗibar laka a gindin randarta yana shigewa ƙarƙashin motar, da mun tambaye ta da ta faɗa mana.

A ranar kuwa, a ƙofar gidan mai unguwa aka sauke buhunan, ruwa ya koma yayyafi. Aka kawo tiya aka shiga awo, kowane gida gwargwadon dabbar da ya bayar, gidajen da ba su da abin bayarwa kuma aka ɗiba musu daga kowane buhu. Kafin la'asar sakaliya turmi ya fara amsawa daga gidan liman, sai na maƙwabtansa, sai namu. Hajara da Rabi suna daka suna haki, ga dariya.

Aka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Yaya Habu yana zaune a rumfa ya jingina da tayar motar, rigarsa ba ta gama bushewa ba. Hajara ta ɗauko kwanonsa, Inna ta ce ta kawo. Da kanta ta kai masa, abin da ban taɓa gani ba. Ta ajiye a gabansa, ta kori yaran da suka fara matsowa, ta ce nasu yana ɗaki. Sannan ta jawo kujerarta ta zauna.

"Na ɗan taɓa wani abu a Mai'adua, Inna," ya ce.

"Isiya, ya ci?"

Na kalli Yaya, na kalli Inna. "Bai ci ba."

Ta buɗe kwanon ta tura masa. Ya wanke hannu ya yi bisimilla. Tana zaune tana kore masa ƙuda da gefen mayafinta, ba ta tashi ba sai da ya suɗe kwanon.